Wanzami ba ya son jarfa: cika bakin Amurka da shirun Turai

Ranar 28 ga Fabrairun 2025 duniya ta kalli yadda aka yi wa shugaban Yukren, Volodymyr Zelensky, tatas a ofishin shugaban Amurka, gaban 'yan jarida. Abin da ya fi tsaya wa mutanen Turai a rai shi ne tambayar da mataimakin shugaban ƙasa JD Vance ya jefa masa: ka taɓa cewa na gode ko sau ɗaya? Kafin gari ya waye shugabannin Turai sun yi layi suna lallashin Zelensky, jaridunsu kuma suka cika da bayanin cewa ai wannan shi ne Ba'amurke, mutum marar kawaici, mai gori, wanda in ya ba ka ruwa sai ya tsaya a kanka har ka yi godiya. Tun daga lokacin nake cin karo da wannan karatu a bakin namu masu sharhin, a rediyo da Facebook, har da ƙarin gishiri: wai Turawan Turai sun fi kusa da mu a ɗabi'a, suna da kunya, sun san darajar mutum, Amurkawa ne dai ba su samu tarbiyya ba.

Na gaji da jin wannan magana, domin ban manta abin da ya faru kwana 53 kafin wannan rana ba. Ranar 6 ga Janairu Emmanuel Macron ya tara jakadun Faransa a Paris, ya ce an manta ba a yi wa Faransa godiya ba a kan yaƙin da ta yi a Sahel, ya ƙara da cewa ba don sojojinta ba, da shugabannin yankin ba su da ƙasar da za su ce suna mulka a yau. Gorin Vance ne sak, sai dai an yi shi da Faransanci mai laushi, ba a ɗaga murya ba. Chadi ta ce wannan raini ne. Ousmane Sonko, firaministan Sanagal na lokacin, ya tuna wa Macron sojojin Afirka da suka je suka mutu wajen ƙwato Faransa daga hannun Jamus. A Turai kuwa ko gezau, babu layin shugabanni, babu hawayen jarida. Sai da jarfar ta zo kan fuskar wanzami sannan aka gano ashe aska tana da zafi.

Ba musun bambancin nake yi ba, akwai shi, kuma duk wanda ya yi hulɗa da ɓangarorin biyu ya gan shi, ko da yake a bakinmu duk Bature Bature ne. Ka tambayi Ba'amurke ya aiki, zai ce maka abin ba a magana, komai na tafiya fiye da yadda ya zata. Ka tambayi Ba'ingile wanda ya ci babbar kyauta jiya, zai ce ba laifi. Kamfanin Walmart, mai manyan kantuna na Amurka, ya shiga Jamus a 1997, ya tattara ya fita a 2006 da asarar kusan dala biliyan 1. Kantunan Jamus na Aldi da Lidl ne suka karya shi a farashi, amma abin da aka fi ba da labari shi ne yadda aka sa ma'aikata su riƙa washe wa mai saye baki, su kuma taru da safe su yi wa kamfani kirari da ƙarfi. Bajamushe ya ga wanda bai sani ba yana yi masa murmushi babu dalili, sai ya fara lalube aljihunsa. A makaranta ma haka. Wanda ya yi karatu a Maraɗi ko Damagaram ya san tsarin da Faransa ta bari, maki bisa 20, inda samun 16 abin a yi shagali ne, 20 kuwa sai dai a ji labarinta. A jami'ar Harvard kuwa, a 2013 hukumar makarantar da kanta ta amsa cewa makin da aka fi bai wa ɗalibai shi ne A, wato na ƙoli.

A arewacin Turai har suna abin yake da shi, dokar Jante. Ta fito ne daga wani littafin 1933 na Aksel Sandemose, inda ya jera dokoki 10 na wani ƙaramin gari da ya ƙirƙira mai suna Jante: kada ka ɗauka kai wani ne, kada ka ɗauka ka fi mu, kada ka ɗauka za ka koya mana wani abu. 'Yan Holan su ma suna da tasu, cewa ka zama kamar kowa, hakan ma ya isa hauka. Masu yabon Turai suna son kawo wannan doka a matsayin shaidar tawali'u. Da sun bincika da sun tarar Sandemose ba yabo yake yi ba, ƙarar garin ya kai, yana nuna yadda jama'a ke taruwa su danne duk wanda ya ɗago kai. Mu muna da suna ga wannan hali, kuma ba tawali'u muke ce masa ba, hassada muke cewa.

Akwai wani ɗan bincike da nake so saboda ya tona asirin kowa. A 1981 wani masani ɗan Suwidin, Ola Svenson, ya tambayi ɗalibai a ƙasarsa da Amurka yadda suke ganin ƙwarewarsu a tuƙin mota. Kashi 93 cikin 100 na Amurkawan suka sa kansu a rabin sama. 'Yan Suwidin, jikokin dokar Jante, kashi 69. Yaron firamare ma ya san rabin mutane ne kaɗai za su iya zama a rabin sama. Ke nan da aka ba su takarda a keɓe, babu maƙwabci yana kallo, masu kunyar ma yawancinsu sun ce suna rabin sama. Na Amurka ya fi zaƙewa, na yarda, amma zuciyar iri ɗaya ce, bakin ne aka horar daban.

Mu da muka taso muna ganin fada bai kamata wannan ya ruɗe mu ba. Ka taɓa jin sarki ya yi wa kansa kirari? Ko muryarsa da ƙyar ake ji, amawali na rufe da bakinsa. To me zai sa ya wahalar da kansa? Ga sanƙira, ga kakaki da algaita, ga dogarai, rawanin kansa ma magana yake yi. Ɗan dambe kuwa, in ya shiga fage a garin da ba a san ubansa ba, dole ya buɗe baki ya faɗi ko shi wane ne, in ba haka ba babu mai kallonsa. Babu mai hankalin da zai ce sarkin ya fi ɗan damben ƙanƙan da kai. An riga an ɗauke masa aikin ne tun kafin a haife shi.

Shirun manyan Turai irin wannan ne. Makarantar Eton ita kaɗai ta fitar da firaministocin Birtaniya 20. Wanda ya fito daga can ba ya buƙatar ya ce shi wani ne, yana buɗe baki lafazinsa ya gama faɗa, har ya samu sararin yi wa kansa ba'a a ce kai, ga mutum mai sauƙin kai. A Faransa makarantar horar da manyan jami'an gwamnati ta ENA, wadda aka kafa a 1945, ta ba ƙasar shugabanni huɗu: Giscard d'Estaing, Chirac, Hollande da Macron ɗin nan. A Jamus muƙamin Dakta har a katin shaida ake iya rubuta shi, kuma kwaɗayinsa ne ya ci kujerar ministan tsaro Karl-Theodor zu Guttenberg a 2011, da aka gano ya kwafi aikin wasu a kundin digirinsa. Wasu masana biyu na babban bankin Italiya sun ɗauko rajistar harajin birnin Florence ta 1427 suka gwada da ta 2011, suka tarar sunayen gidajen da ke sama wancan ƙarni har yanzu su ne a sama. Kusan shekara 600! Mutumin da gidansu ya yi wannan daɗewa yana cin tuwo da nama, in ya sa tsohuwar riga ya hau keke, mene ne ya rage masa?

Amurka kuwa tun a tsarin mulkinta ta haramta wa gwamnati ba da sarautar gado. Ƙasar baƙi ce, sama da mutum miliyan 12 suka shigo ta tsibirin Ellis tsakanin 1892 da 1954, kowa da ƙunshinsa, babu mai sanin asalin wani. A irin wannan kasuwa wanda ya yi shiru ya kwana da yunwa. Har yau kuma ƙasar ba ta shimfiɗa wa mai faɗuwa tabarma. Dokar Tarayyar Turai ta ba kowane ma'aikaci hutun aƙalla mako 4 a shekara da albashinsa, dokar tarayyar Amurka ba ta ba shi ko kwana ɗaya ba. A kusan duk jihohi ana iya sallamarka ba a faɗa maka dalili ba, sau da yawa kuma inshorar lafiyar iyalinka ta bi aikin ta tafi. Wannan murmushin da ya tsorata Bajamushe kayan aiki ne, kamar garma a hannun manomi. Ɗan Denmak da aka kora daga aiki yana da gwamnatin da za ta riƙe shi har ya samu wani, don haka yana iya zama ya yi ta kawaicinsa.

Daga baya Amurkawa suka mai da larurar aƙida. A 1952 wani fasto a New York, Norman Vincent Peale, ya fitar da littafin da ya koyar da miliyoyi cewa in ka ƙudurta nasara a ranka ka kuma riƙa furta ta, za ta zo. Cocinsa iyalin Trump ke zuwa, shi ya ɗaura auren Donald Trump na farko a 1977. Duk mai mamakin yadda shugaban Amurka ke kiran kowane aikinsa mafi girma a tarihi, ga makarantar allon da ya yi. A 1986 jihar California har kwamiti ta kafa da doka don ɗaga ƙimar da mutane ke ba kansu, da zaton hakan zai rage laifi da faɗuwa jarrabawa. Da masana suka dawo suka duba, sai ga shi yawanci nasarar ce ke kawo jin kai, jin kan bai cika kawo nasara ba.

Amma kafin a yi wa cika baki hukunci gaba ɗaya, a tuna da Muhammad Ali. A Fabrairun 1964, bayan ya doke Sonny Liston, ya yi ta ihu cewa shi ne gwarzon gwaraza. A wannan watan ba a ma sa hannu a dokar da ta hana wariyar launin fata a otal da gidan abinci ba, sai a Yulin shekarar. Baƙin mutum da aka koya wa kakanninsa su sunkuyar da kai in Bature na magana, ya tsaya gaban duniya ya ce shi kyakkyawa ne kuma babu kamarsa. Mun san yabon kai jahilci ne, haka aka ce, amma iyayenmu da suka manna hotonsa a shaguna ba jahilci suka gani ba. Waɗanda suka fi matsa wa Ali ya yi ladabi su ne waɗanda ladabin nasa zai amfana.

Dokar Jante ma a kan irinsu ta fi kaifi. Zlatan Ibrahimović ɗan baƙi ne da suka yi ƙaura zuwa Suwidin, ya tashi a unguwar Rosengård ta birnin Malmö, kuma ya sha faɗa cewa da sunansa irin na 'yan asalin Suwidin ne da jaridun ƙasar ba su yi masa yadda suka yi ba. Ya ƙi sunkuyawa, da ya koma Amurka a 2018 ya sayi shafi guda a jarida don kawai ya ce wa mutanen Los Angeles ba sai sun gode masa ba. Can aka yi dariya aka tafa. Mesut Özil, jikan baƙi daga Turkiyya, wanda ba shi da hayaniyar Zlatan ko kaɗan, ya bar tawagar Jamus a shekarar yana cewa in an ci shi Bajamushe ne, in an faɗi shi baƙo ne. Mai surutu bai tsira ba, mai shiru bai tsira ba. To ina amfanin tawali'un da sai ɗan gida ake karɓarsa a hannunsa?

Inda abin ya fi ba ni haushi shi ne in an bar mutum ɗaya aka koma kan jama'a. Ba'amurke yana cewa ni. Baturen Turai ba ya cewa ni, ya fi ƙarfin haka, cewa yake mu, kuma wannan mu ɗin ta fi kowace ni kumbura. A Oktoban 2022 Josep Borrell, babban jami'in harkokin wajen Tarayyar Turai na lokacin, ya tsaya gaban masu koyon diflomasiyya a birnin Bruges ya ce Turai lambu ce, yawancin sauran duniya kuwa kurmi ne, kuma kurmin zai iya mamaye lambun. Da aka yi ca ya ce ya yi nadama in wani ya ji zafi. A Yulin 2007 shugaban Faransa na lokacin, Nicolas Sarkozy, ya je jami'ar Dakar, wadda ke ɗauke da sunan masanin tarihin Afirka Cheikh Anta Diop, ya gaya wa 'yan Afirka a gidansu cewa mutumin Afirka bai shiga tarihi sosai ba. Waɗannan mutane ne da ba za su taɓa faɗin albashinsu a wurin cin abinci ba, don rashin ɗa'a ne. Raba duniya gida biyu, lambu da daji, wannan bai saɓa wa ɗa'a ba.

Za a ce ai Amurka ce ta shiga Iraƙi a 2003, Bush ya tsaya kan jirgin ruwan yaƙi ranar 1 ga Mayu da ƙyalle a bayansa mai cewa an gama aiki. Gaskiya ne, kuma Tony Blair na gefensa tun daga farko. A Libiya kuwa a 2011 Sarkozy da David Cameron ne a gaba, su suka je Bengazi a Satumba ana yi musu tafi. Makaman da suka watsu daga rumbunan Gaddafi kowa a Sahel ya san inda suka sauka. Da ladabi aka yi, da taron manema labarai mai tsari, gidan ya rushe duk da haka.

Akwai masu kishiyar wannan ra'ayi, 'yan koyar da sirrin nasara da suka cika mana waya, masu cewa Turai ta mutu saboda kunya, kowa ya koyi bugun ƙirji irin na Amurka. Su kan kawo rahoton da tsohon firaministan Italiya Mario Draghi ya rubuta wa Tarayyar Turai a 2024, wanda ya ce huɗu kacal daga manyan kamfanonin fasaha 50 na duniya ne na Turai, sai ka ce Draghi ƙarancin kirari ya gano ba ƙarancin jari da rarrabuwar kasuwa ba. Bugun ƙirjin nan shi ya kai kamfanin Theranos na Amurka darajar dala biliyan 9 a kan na'urar gwajin jinin da ba ta aiki, mai shi Elizabeth Holmes ta samu ɗaurin sama da shekara 11. Sai dai kada masu yabon Turai su yi saurin dariya. Volkswagen ya sa wa motoci kusan miliyan 11 manhajar yaudarar gwajin hayaƙi, kuma hukumar kare muhalli ta Amurka ce ta fasa ƙwan a 2015. Kamfanin hada-hadar kuɗi na Jamus, Wirecard, ya ruguje a 2020 da aka nemi yuro biliyan 1.9 aka rasa, bayan hukumar sa ido ta Jamus ta ɓata lokaci tana farautar 'yan jaridar da suka tona maganar. Maƙaryaci mai ihu ko ba komai kana jin tahowarsa. Mai kwat da tattausar murya sai ya gama da kai kana ba shi kujera.

Sai kuma Mark Rutte, wanda ya gama rufe mini bakin masu wannan yabo. Kusan shekara 14 yana firaministan Holan, ana nuna mana shi yana zuwa ofis a keke, a 2018 kofi ya zube masa ya karɓi abin goge ƙasa ya goge da kansa, duniya ta yi ta yaɗa bidiyon. Wannan shi ne gwanin tawali'un Turai. A Yunin 2025, yana shugaban ƙungiyar tsaro ta NATO, ya aika wa Trump saƙon waya na fadanci wanda Trump ya kwashe ya wallafa, sannan a taron ƙungiyar a birnin Hague da Trump ya kwatanta Isra'ila da Iran da yara masu faɗa, Rutte ya karɓe da cewa ai wani lokaci dole baba ya yi magana da kakkausar murya. Baba! A wannan taro ƙasashen suka amince da kashe kashi 5 cikin 100 na arzikinsu a kan tsaro. Wata guda bayan haka shugabar Hukumar Tarayyar Turai, Ursula von der Leyen, ta bi Trump har filin wasan golf ɗinsa a Scotland ta karɓi harajin kashi 15 a kan kayan Turai, abin da firaministan Faransa na lokacin, François Bayrou, ya kira miƙa wuya. Rusunawa gaban wanda ya fi ka ƙarfi kowa ya iya, ko kare ya iya. In ana son a san ko mutum na da tawali'u, a duba yadda yake magana da wanda ba ya iya yi masa komai, kuma mun ji yadda ake magana da mu.

Nijar dai ba ta tsaya tantance lafazi ba. Sojojin Faransa na ƙarshe sun fita a Disambar 2023. A Maris na 2024 gwamnatin soja ta soke yarjejeniyar tsaro da Amurka, ta kuma ambaci rainin da ta ce tawagar Amurkan ta nuna a Yamai, kafin shekarar ta ƙare an kwashe sansanin Agadas. Kowa na da ra'ayinsa a kan sojojin da ke mulki da abin da ya biyo baya, ni ma ina da nawa, amma a wannan gaɓar kunnensu ya ji abu ɗaya daga bakin mai ihu da mai raɗa.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Masu sharhinmu su daina auna baƙo da ƙarar muryarsa, su karanta abin da ke cikin takardar da ya kawo a sa hannu. Yaranmu masu neman gurbin karatu su koyi faɗin abin da suka iya ba tare da sunkuyar da kai ba in takardar Amurka ce, su rage in ta Jamus ce, su kuma san cewa duka biyun sutura ce ake sauyawa. Sauran kuma a bar mana kunyarmu, ba mu aro ta daga Paris ba.

Game da bashin godiya kuwa, akwai lissafin da ya kamata a fara biya. Ranar 1 ga Disambar 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta kan sojojin Afirka ta Yamma da suka dawo daga yaƙin Turai suna neman haƙƙinsu da aka riƙe. Hukuma ta ce 35 suka mutu, masana tarihi da dama suna cewa ɗaruruwa ne. Shekara 80 aka yi kafin shugaban Faransa ya kira abin kisan kiyashi, a wasiƙar da Macron ya aika wa shugaban Sanagal a ƙarshen Nuwambar 2024. Ko kwana 40 ba a cika ba ya tsaya gaban jakadunsa yana cewa an manta ba a gode musu ba.